Madabod ɗin da YouTube ke yabo ba shi ne ya dace da Gobir ba

1/
Jama'a, tun da na ɗora hoton kwamfutar shagon yayana mutum kusan goma sun shigo mini inbos da tambaya iri ɗaya: wane madabod zan saya? Maimakon in riƙa amsawa ɗaya bayan ɗaya, bari in zuba shi a nan. Zaren yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana ya dawo.

2/
Ra'ayina tun farko, don kada wani ya ce na yi ta zagaye: idan kwamfutar a Sabon Birni ko Isa za ta zauna, ka sayi madabod mara kwalliya, wanda kayansa ke samuwa ko'ina, wanda ba ya cin wuta, wanda kuma ka ga ya tashi da idonka kafin ka biya. Masu fitilu kala-kala ka bar wa 'yan Abuja.

3/
Ga wanda bai sani ba, madabod shi ne faffaɗan allon nan da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda komai ke maƙale a jikinsa. Furosesa, RAM, wurin ajiya, wayoyin wuta, ramukan USB, duk a kansa suke. Masu gyara suna ce masa bod kawai. Shi kansa ba ya ƙara wa kwamfuta gudu. Aikinsa shi ne ya yanke hukuncin abin da zai iya zama a kansa da abin da ba zai iya ba.

4/
To ni na san wannan a takarda, aji uku nake a jami'a a Sakkwato, a gida kuwa ana mini kallon injiniya. Amma duk da haka na tafka kuskuren da ya ci wa yayana kasuwar mako biyu. Ku saurara.

5/
Yayana yana da ɗan shago a Sabon Birni. Buga takardu, hoton fasfo, fitar da silif ɗin JAMB, duba sakamako, da koya wa yara yadda ake riƙe linzami kafin su je ɗakin jarabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaron da zai zo daga ƙauye bai taɓa danna madanni ba. Wannan shagon ne wurin da yake fara taɓawa. Kwamfutar shagon tsohuwa ce, mai furosesa zubi na 4, ta fara jan ƙafa, sai Yaya ya kwashi adashinsa ya turo mini ya ce in gyara masa ita.

6/
Na zauna na kalli bidiyo har dare, na yanke shawarar i5-8400. Na duba na ga soket ɗinsa LGA1151 ne. Na sa abokina da ke Kano ya nemo mini madabod mai LGA1151, ya samo H110 da sauƙin kuɗi. Lamba ta yi daidai da lamba, me ya rage? Aka sako a mota zuwa Sakkwato, ni kuma saboda jarabawa ta matso ban ko buɗe ba, na haɗa da RAM da sabon akwati na ba direba ya wuce da su gida.

7/
Bayan kwana biyu Yaya ya kira. "Kai, mi kas sawo muna? Wanga abu bai tashi ba, allon baƙi ƙirin shi ke." Na ce Yaya a cire RAM a mayar. An mayar. A canza waya. An canza. Muka shafe awa guda a waya, katina ya ƙare, nasa ya ƙare.

8/
Ashe LGA1151 iri biyu ne. Intel ta yi amfani da soket mai suna ɗaya, mai fil 1151, ga zubi na 6 da na 7, sannan ta sake amfani da shi ga zubi na 8 da na 9, amma ba sa aiki da juna. H110, B150, B250 na zubi na 6 da 7 ne. Zubi na 8 da 9 sai H310, B360, B365, Z370 da 'yan uwansu. Abin takaicin, furosesan yana zama daram a cikin soket ɗin, ka rufe marfi lafiya lau, ba abin da zai nuna maka ka yi kuskure sai ka danna makunni.

9/
Laifin ba na mai kaya ba ne. Abin da na ce a ba ni shi ya bayar.

10/
Yanzu ga inda nake son ku gane bambancinmu da mai bidiyon da na kalla. Shi idan ya yi irin wannan kuskure, zai mayar da kayan a kwali, gobe a kawo masa wani har ƙofar gida. Ɗan Kano ma zai hau adaidaita ya koma Beirut Road ya canza kafin la'asar. Mu fa? Duk wanda ya san hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ya san dalilin da ya sa mutanen Isa ke jin faɗuwar gaba idan an ambaci Gundumi, ya san kaya ba sa zuwa su koma haka kawai. Akwai ranar da direba zai ce yau ba ya fita, kuma ba ka da bakin ce masa don me.

11/
Ba zan taɓa cewa wani ya sa ransa a hanya saboda allo mai fil 1151 ba. Sai muka jira. Kafin bod ɗin da ya dace ya iso, lokacin fitar da silif ya zo ya wuce, yaran suka koma wani shago. Ga tsohuwar kwamfutar an riga an kwance ta an sayar da wasu kayanta don cika kuɗi. Yaya bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi.

12/
Shi ya sa nake cewa a wurinmu tambayar farko ba "wanne ya fi gudu" ba ce. Tambayar ita ce: idan wannan abu ya ƙi tashi, ko ya mutu bayan wata shida, kwana nawa shago zai yi a rufe?

13/
Saboda haka kada ka fara da madabod. Fara da furosesa. Ka san sunansa da zubinsa, sannan ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, akwai jerin furosesocin da yake karɓa, ka ga naka a ciki da idonka. Minti biyar ne. Minti biyar ɗin da ban yi ba.

14/
A taƙaice ga na Intel: zubi na 2 da 3 LGA1155, su H61. Zubi na 4 LGA1150, su H81. Na 6 zuwa 9 na faɗa muku rikicinsu. Na 10 da 11 LGA1200. Na 12, 13, 14 LGA1700, su H610 da B760. A wannan na ƙarshe akwai wani tarkon: bod ɗaya yana fitowa a nau'in DDR4 da nau'in DDR5, suna kusan iri ɗaya, RAM ɗinsu kuma ba ya shiga ramin juna. Karanta kwalin har ƙarshe.

15/
AMD ta fi adalci a nan. Soket ɗinta AM4 ya ɗauki Ryzen tun na farko a 2017 har zuwa jerin 5000. Amma shi ma da sharaɗi: tsohon B450 da ya daɗe a shago ba lallai ya gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS. Ka sa a sabunta a can inda ka saya, a gabanka. Kada ka kawo shi gida ka ce za ka yi da wutar janareta, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, bod ɗin na iya zama faranti.

16/
Sai maganar hoto. Furosesan Intel da sunansa ya ƙare da F, kamar i3-10100F ko i5-12400F, ba ya fitar da hoto da kansa. Ryzen na AM4 kuwa akasin haka, sai mai G a ƙarshe, kamar 3200G ko 5600G, shi ke fitarwa. Ramin HDMI da ke bayan bod ba zai yi maka komai ba idan furosesan bai da wannan. Masu F sun fi arha, shi ya sa ake saurin tura wa mutum su, daga baya ka gano sai ka sayi katin hoto daban.

17/
Katin hoto kuwa a gidan da ke kan sola nauyi ne. RTX 3060 shi kaɗai wat 170 ne a rubuce. i5-8400 ko Ryzen 5 5600G gaba ɗayansa da hotonsa wat 65. Wanda ya taɓa zama yana kallon inbata tana ƙara da ƙarfe takwas na dare alhali saura shafi ashirin a buga, ya san wat ɗari ba wasa ba ne. Idan aikinka Word ne, CorelDRAW, gyaran hoton fasfo da intanet, hoton da ke cikin furosesa ya ishe ka har da saura.

18/
Na san 'yan gem za su taso mini. Ku yi haƙuri, ba da ku nake ba. Wanda ke da batir ɗin da zai riƙe masa FIFA har asuba, Allah Ya ƙara buɗi, ya sayi abin da ransa ke so.

19/
Yanzu babbar muhawarar da muka sha yi da abokai a hostel: a tsaya kan tsofaffin H61 da H81 masu arha, ko a daure a hau zubi na 8?

Masu cewa a tsaya suna da hujja. Kayan sun cika kasuwa, DDR3 ba tsada, kowane mai gyara ya san su. Kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Ba kowa ke da halin zaɓe ba. Na yarda.

20/
Amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da TPM 2.0. Eh, akwai dabarun tsallake sharaɗin, ni ma na iya. Sai dai kwamfutar shago ba ta wasa ba ce. Lambar NIN ta mutane na bi ta cikinta, takardun makaranta, hotunan matan aure, filas ashirin a rana kowanne da irin cutar da ya kwaso. Irin wannan na'ura ba na son ta zauna kan manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka.

21/
Don haka matsayina: idan na'urar buga takardu ce kawai, ba ta hawa intanet, bar ta a kan H81 ɗinta, saka mata SSD ka ga yadda za ta farfaɗo. Sau da yawa ma ciwon ba na madabod ba ne, tsohon had disk ne ke jan ta. Amma idan har za ka fitar da kuɗi ka canza bod, kada ka sayi ƙasa da zubi na 8. Sayen H61 yau kamar gina ɗaki ne a bakin gulbi da damina.

22/
Af, H61 ɗin nan da kuke gani sabo fil a kwali da leda, da sunan kamfanin da ba ku taɓa ji ba. Cifset ɗin H61 na 2011 ne. Ka tambayi kanka daga jikin me aka ciro shi. Haka su X79 da X99 masu Xeon da ake tallatawa da yawan kwakwalwa. Suna aiki, ban ce ba sa yi ba, amma ba sa fitar da hoto sai da kati, suna shan wuta, kuma ranar da suka tsaya ba mai gyaran da zai kalle su tsakanin Isa da Shinkafi.

23/
Wani abokina ɗan Isa ya faɗa wani ramin daban. Yana da Dell OptiPlex 3020 ta tokumbo, ya sayi madabod na kasuwa zai saka a cikin akwatinta. Ya buɗe ya tarar wayar wutar Dell ɗin mai baki 8 ce, bod ɗinsa kuma mai baki 24 yake nema. Wayoyin makunnin gaba ma nasu daban. Yawancin Dell da HP na ofis haka suke, an ƙera su ne don kada kayan wani su shiga. Idan irinsu gare ka, lissafinka ba na bod kaɗai ba ne, har da akwati da fawa fak.

24/
Wannan ya kawo tambayar da ta dace a yi: to me zai hana a sayi tokumbo sukutum mai zubi na 8, kamar OptiPlex 3060 ko EliteDesk 800 G4, a huta? Gaskiya sau da yawa ya fi arha, kuma injuna ne masu ƙarko, an yi su don su wuni a kunne. Wanda ke cikin garin Sakkwato ko Kano, ni ma abin da zan ce masa ke nan.

25/
Amma ga mu na gabas ina da ja. Abin da ya fi mutuwa a kwamfuta a wurinmu fawa fak ne. Wuta ta zo da ƙarfi bayan ta yi kwanaki ba ta nan, janareta ya yi tari, inbata mai arha ta yi nata. Idan fawa fak ɗinka na gama-gari ne, ATX, kowanne ka samu zai shiga, ko aro ka yi daga wata matacciyar kwamfuta a gari ka ci gaba da aiki. Idan na Dell ne siriri mai baki na musamman, sai an nemo irinsa sak daga Kano ko Legas. Mun koma maganar hanya ke nan.

26/
Shi ya sa a ƙarshe na haɗa wa Yaya H310 ƙarami, micro-ATX, da i5-8400 ɗin nan dai, RAM 8GB guda biyu, SSD, da fawa fak na gama-gari mai ɗan nauyi a hannu. Da sabo zan saya gaba ɗaya, da H610 na DDR4 da i3-12100 zan ɗauka, ko B450 da 5600G. Duk cikinsu ba wanda zai burge kowa a hoto.

27/
Kuɗin da ka rage a kan bod, zuba shi a fawa fak da UPS ko sitabilaiza. Mutane na sayen bod mai tsada su haɗa shi da fawa fak mara nauyi kamar gwangwanin madara. Ranar da ya tafi, ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sannan ka shiga BIOS ka nemo wurin da ke cewa kwamfuta ta kunna kanta idan wuta ta dawo, ka kashe shi. Daƙiƙun farko na dawowar wuta su ne masu kisa.

28/
Ka duba bayan bod ɗin kafin ka saya. Monitocin da ke shagunanmu yawancinsu VGA ne, mai shuɗin kai. Sababbin bod masu tsada da yawa sun daina sa shi, su H310 da H610 kuwa galibi suna da shi. Ƙirga ramukan USB kuma: firinta, sikana, madanni, linzami, filas ɗin kwastoma, wayar da kake jawo intanet da ita. Shida ke nan tun ba a je ko'ina ba.

29/
WiFi na cikin bod? Kada ka ƙara ko sisi saboda shi. Intanet ɗinmu daga waya yake zuwa, kebul na caji ya wadatar. Kuma ku tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Wanda kwamfutarsa ta lalace a watannin nan, ko direban firinta bai da inda zai sauke. Tun daga lokacin na koyi ajiye Windows da duk direbobin bod a filas guda, a ɗaure shi da zare a cikin akwatin kwamfutar. Ranar da ka sayi bod, ranar za ka sauke su.

30/
Sai ƙura da zafi. A watan Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40, shagon kwano kuwa sai ka ƙara. Da hunturu ƙura na shiga ko'ina. Ɗan faifan ƙarfen nan da ke rufe bayan bod, wanda masu sayar da na hannu ke cewa "ya ɓace, ba shi da amfani", ka ce sai da shi. Ta wannan ramin ƙura ke shiga, kyankyasai ke shiga, tsaka ma na shiga ta kwanta a kan bod saboda ɗumi. Na taɓa buɗe wata kwamfuta na tarar da ƙwan tsaka biyu kusa da RAM. Ɗaga akwatin daga ƙasa, a hure shi da bulowa duk wata, a canza man furosesa kafin bazara.

31/
Idan na hannu za ka saya, kuma yawancinmu shi za mu saya, ga abin da nake yi yanzu ba kunya. Ina haska soket da fitilar waya. A Intel fil ɗin a jikin bod suke, siraran gaske, ɗaya ya lanƙwashe ramin RAM guda na iya mutuwa. A AM4 kuwa a jikin furosesa suke, shi za ka juya ka duba. Ina neman kafasita da ta kumbura, da tabon ƙuna, da wurin da ke sheƙi alamar an gasa shi da iska mai zafi. Har sansana shi nake yi.

32/
Sannan a haɗa shi da furosesan da RAM ɗin da zan tafi da su, ba na mai shago ba. A gwada ramukan RAM duka biyu, kowane USB, VGA da HDMI. A bar shi a kunne ko minti talatin ne ina zaune. Mai kaya zai ce "haba ɗalibi, ba ka yarda da ni ba ne?" Sai in ce "Alhaji na yarda da kai, Sabon Birni za shi." Yawanci daga nan shi da kansa yake jawo kujera. Batirin CR2032 ma ka sa sabo, ka riƙe guda a aljihu, don idan ya mutu agogo na rikicewa shafukan intanet su ƙi buɗewa.

33/
Kuma a haɗa komai a ɗaure a cikin akwati tun daga birni, a tura shi a matsayin kwamfuta guda da aka ga ta tashi. Kada a tura gutsi-gutsi a ce a haɗa a gida ta waya. A sa kwali da tsumma a ciki, a roƙi direba kada ya ɗora buhu a kai. Da ta isa a danna RAM a tabbatar gargadar hanya ba ta ɗaga shi ba.

34/
Kwamfutar Yaya tana aiki yanzu, wata na biyar ke nan, yara sun dawo. H110 ɗin nan kuwa yana cikin lokata a hostel, ko sau ɗaya bai yi aiki ba, da faifan bayansa da komai. Duk mai i3 ko i5 zubi na 6 ko na 7, na 6 ko na 7 na ce, ya yi mini magana a inbos. A Sakkwato nake, za mu gwada shi tare kafin ka ba ni ko naira.